Fashin Baƙi Kan Kiɗan Na'ura Mai Baƙon Amo da Dalilin da Ya Sa Yake Tayar da Mutane Rawa

A shekarar 1981 kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fito da wata 'yar na'ura mai ruwan azurfa da ya sanya wa suna TB-303, wadda aka ƙera domin ta maye gurbin makaɗin jita mai kaurin amo, ta yadda mawaƙin da yake atisaye shi kaɗai a ɗaki zai sami abin da zai raka shi. Na'urar ba ta karɓu ba, domin amonta bai yi kama da na jita ba ko kaɗan, shigar mata da kiɗa kuma aiki ne mai cin rai. A 1984 aka daina ƙera ta bayan an fitar da kimanin guda 10,000, da yawa daga cikinsu kuma suka ƙare a shagunan kayan gwanjo ana sayar da su da arha. A irin wannan kasuwa ce wasu samari baƙar fata uku na birnin Chicago, wato DJ Pierre da Spanky da Herb J, waɗanda suka kira ƙungiyarsu Phuture, suka sami guda ɗaya. Ba su san yadda masu ita suka so a yi amfani da ita ba, sai suka bar ta tana maimaita ɗan gajeren kari guda, su kuma suna murɗa maɓallanta, amon yana lanƙwashewa, yana ƙugi, yana tsuwa, yana komawa tamkar kumfar ruwa mai tafasa. Labarin da su da kansu suka sha bayarwa shi ne, da suka kai wa Ron Hardy, mai sanya faifai a gidan rawa na Music Box, kaset ɗin, ya sanya shi sau huɗu a dare ɗaya. A karon farko mutane suka ja baya suna kallon juna, amma kafin karo na huɗu fili ya cika maƙil. An buga wannan kiɗa a faifai a 1987 da sunan Acid Tracks, kuma daga shi ne salon da ake kira acid house ya samo asali.

Wanda yake son fahimtar abin da ke jan mutane zuwa ga kiɗan rawa na lantarki, musamman reshensa mai son gwaji da baƙon amo da wasa da hankalin mai sauraro, zai sami kusan dukkan amsar a cikin abin da ya faru tsakanin karo na farko da na huɗu a wancan dare. Kunne ya ci karo da abin da bai taɓa ji ba, ya ƙi shi, amma a ƙarƙashin baƙon amon akwai bugun ganga da bai sauya ba, wanda ƙafa ta riga ta sani, kuma wannan bugun ne ya riƙe mutane har kunnensu ya saba. A ganina armashin wannan kiɗa yana cikin wannan ja-in-ja: wani ɓangare nasa yana cika wa jiki alkawari a kowace daƙiƙa, wani ɓangaren kuma yana saɓa wa abin da hankali yake tsammani. Idan aka cire na farko, abin da ya rage hayaniya ce da sai masana za su zauna su yi nazari. Idan aka cire na biyu kuma, kiɗan ya zama irin wanda ake ji a tallar lemo, wanda ba ya barin komai a zuciya.

Sai mu fara da ɓangaren da ba ya sauyawa. Yawancin kiɗan house da techno, wato manyan salo biyu na kiɗan rawa na lantarki, an gina su ne a kan babbar ganga mai sauka sau huɗu daidai wa daida a kowane ma'auni, wato ɗan zangon lokacin da ake ƙirga kiɗa da shi, da gudun bugu 120 zuwa 130 a minti ɗaya. Wannan gado ne daga kiɗan disko na shekarun 1970, wanda manyan gidajen rediyon Amurka suka juya wa baya bayan 1979, amma ya ci gaba da rayuwa a gidajen rawa irin su Warehouse na Chicago, inda Frankie Knuckles ya riƙa haɗa faifai daga 1977, yana yanka tsofaffin waƙoƙi yana tsawaita wuraren da suka fi motsa mutane, daga bisani yana ƙara musu ƙarfi da na'urar ganga. Mutumin da ya tashi da kiɗan Hausa, inda baitin mawaƙi ne yake jan ragama, makaɗa da 'yan amshi suna bin sa, yakan ji wannan maimaici a matsayin talaucin fasaha, ya ce ai abu ɗaya ake ta nanatawa minti goma babu ko kalma. Wannan hukunci yana da dalili, sai dai ya dogara ne a kan neman abu a inda ba a ajiye shi ba. Da yake babu baiti da za a bi, kuma gangar ba za ta ba da mamaki ba, sai hankali ya sami sararin lura da ƙananan abubuwa: wata 'yar kacau-kacau da ta shigo bayan an ƙirga ma'auni goma sha shida, wani amo da yake buɗewa a hankali, ko lokacin da aka janye babbar gangar gaba ɗaya aka bar jama'a a rataye suna jiran dawowarta. Maimaicin shi ne yake sa ƙaramin sauyi ya yi nauyi.

Daga nan sai batun launin amo, wanda shi ne filin da masu gwaji suka fi baje kolinsu. A cikin na'urar haɗa sauti akwai abin da za a iya kira matatar amo, wadda take tare wasu sassan sautin ta bar wasu su wuce. Idan aka rufe ta, amon yakan yi kauri ya dusashe kamar ana jin sa daga bayan bango, idan aka buɗe ta kuma ya yi kaifi ya haskaka. Akwai kuma wani maɓalli da yake ƙara wa bakin matatar ƙarfi har ta fara tsuwa da kanta. Mai murɗa waɗannan maɓallai yana yin kusan abin da makaɗin kalangu yake yi idan ya matsa igiyoyin gangar a hammatarsa ya sake su: bugun guda ne, amma muryar tana hawa tana sauka har mai sauraro ya ji kamar magana ake yi. Wannan ne ya sa amon da ya fito daga waya da lantarki, wanda ya kamata a ce busasshe ne marar rai, yake kama da abu mai numfashi. Mutane ba su ƙaunaci TB-303 saboda ta kwaikwayi wani kayan kiɗa ba, sun ƙaunace ta ne saboda ta yi muryar da babu wani abu a duniya da yake da irinta. Abin sha'awa kuma, tun a 1982 wani makaɗin fina-finan Indiya a birnin Bombay, Charanjit Singh, ya ɗora karin gargajiyar ƙasarsu a kan wannan na'ura da bugun disko, ya fitar da faifan da bai yi kasuwa ba a lokacin, sai da aka sake buga shi a 2010 duniya ta gane cewa ya riga samarin Chicago isa kusa da wannan amo da shekaru.

Abin da ake kira funk a wannan fage, wato rangajin da ke sa jiki motsawa, ya fi wuyar bayani, amma shi ne ruhin al'amarin. Na'ura tana iya ajiye kowane bugu a daidai gurbinsa ba tare da kuskuren ko ƙiftawar ido ba, kuma kiɗan da aka yi haka yakan fito a sandare, ba ya sa kafaɗa ta motsa. Gwanayen makaɗa suna karkatar da wasu bugun daga gurbinsu, su sa su sauka inda kunne bai zata ba, ko su bar gurbin da ake jira babu komai, sai jikin mai rawa ya cike giɓin da kansa. Injiniya Roger Linn, wanda ya tsara na'urar MPC60 da kamfanin Akai ya fitar a 1988, ya sanya wa na'urorinsa hanyar jinkirta kowane bugu na biyu da ɗan ƙanƙanin lokaci domin kiɗan ya riƙa rangaji, marigayi J Dilla, makaɗin birnin Detroit, kuma ya yi suna wajen ƙin barin na'ura ta gyara masa bugu, yana barin gangunansa suna ɗingishi da gangan. Masu bincike sun auna wannan abu. A wani nazari da Maria Witek da abokan aikinta suka wallafa a 2014, an sa mutane sun saurari gajerun kaɗe-kaɗen ganga guda 50 masu karkata iri-iri, aka gano cewa waɗanda suka fi sa mutane jin daɗi da son motsawa su ne masu matsakaiciyar karkata, ba waɗanda suka miƙe sarai ba, ba kuma waɗanda suka rikice har aka rasa inda ƙafa za ta sauka ba. Wani gwajin da aka yi a Jami'ar McMaster ta Kanada, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna cewa da aka riƙa kunna wasu lasifikoki masu amo mai kaurin da kunne ba ya iya tantancewa a yayin wani wasan kiɗa, motsin masu rawa ya ƙaru da kusan kashi 12 cikin 100. Wato wani kaso na wannan kiɗa da ƙirji da ƙashi ake jin sa, shi ya sa wanda ya saurare shi ta ƙaramar lasifikar wayar salula bai ji rabinsa ba.

Akwai kuma tarihin mutanen da suka ƙirƙire shi, wanda sau da yawa ake mantawa da shi saboda yadda Turai ta rungumi kiɗan daga baya. Birnin Detroit yana da mutane kusan miliyan 1.85 a 1950, amma zuwa 1980 sun ragu zuwa kimanin miliyan 1.2, masana'antun motoci suna rage ma'aikata, kamfanin waƙa na Motown ma ya kwashe ya koma Los Angeles tun 1972. A cikin wannan yanayi ne Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, waɗanda suka haɗu a makarantar sakandare a garin Belleville, suka taso suna sauraron wani mai gabatar da shiri a rediyo, The Electrifying Mojo, wanda yake jera kiɗan ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus da na George Clinton da na Prince a dare ɗaya ba tare da damuwa da wane ne fari wane ne baƙi ba. Kiɗan techno da suka fito da shi ya haɗa sanyin injin Jamusawa da ɗumin rawar baƙar fatar Amurka. Baƙon amon da suka zaɓa yana da ma'ana a gare su, domin matashin da ake gaya wa cewa garinsa ya mutu ya zauna a ɗakinsa ya ƙera sautin da yake cewa ga yadda gobe za ta yi amo, kuma shi ne mai tsara ta. Wannan buri yana nan a cikin kiɗan har yau, kuma ina ganin shi ne yake ba shi wata irin daraja da ta wuce nishaɗin dare ɗaya. A 2024 hukumomin Jamus sun sanya al'adar techno ta birnin Berlin cikin jerin al'adun gado na ƙasar, abin da ya dace, amma ya kamata a riƙa tunawa cewa gidan rawa na Tresor da aka buɗe a can a 1991 ya yi suna ne da makaɗan da ya riƙa gayyatowa daga Detroit.

A Birtaniya ne gwajin ya yi nisa sosai. Kamfanin faifai na Warp da aka kafa a Sheffield a 1989 ya fitar da wani tarin kaɗe-kaɗe a 1992 wanda aka nufa da sauraro a gida, daga nan kuma sunaye irin su Aphex Twin da Autechre suka yi fice da ganguna masu tarwatsewa da karin da yake kama da na abin wasan yara da ya lalace. A daidai lokacin gwamnati tana fama da manyan tarukan rawa na fili, musamman bayan wanda aka yi a Castlemorton a 1992, inda dubun-dubatar mutane suka kwashe kusan mako guda. Ba za a ɓoye ba cewa shan ƙwayoyi ya yi yawa a waɗannan taruka, kuma ya ci rayukan matasa, wannan tabo ne na gaske a tarihin al'adar, ko da yake kiɗan kansa ya girmi tabon kuma miliyoyin masu sauraronsa ba su da alaƙa da shi. A 1994 majalisa ta yi dokar da ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa irin waɗannan taruka, har ta siffanta kiɗan da ake nufi da cewa shi ne mai jerin bugu masu maimaituwa. Autechre suka mayar da martani da wani kiɗa da suka tsara ta yadda babu ma'auni biyu da bugunsu ya zo iri ɗaya, suka kuma manna sanarwa a jikin faifan suna ba mai sanya shi shawarar ya ajiye lauya da masanin kiɗa a kusa ko da 'yan sanda za su zo. Wannan barkwanci da gangan ne, kuma yana nuna wani ɓangare na armashin da ba a cika ambata ba, wato wasa. Matthew Herbert ya gina kiɗan rawa da ƙarar kayan kicin da ta sassan jikin mutum, ƙungiyar Matmos ta Amurka kuma ta yi faifai a 2001 da sautukan ɗakin tiyata. Mai sauraro yana jin daɗi sau biyu, na farko da ya sami kansa yana rausayawa, na biyu da ya gano abin da yake rausaya wa.

Sai dai a nan ne nake da ja da wasu masoyan wannan reshe. An wayi gari ana kiran kiɗan Warp da makamantansa kiɗan masu basira, kamar dai wanda ake yi domin rawa na marasa tunani ne, alhali da yawa daga makaɗan da aka laƙaba wa sunan sun ƙi shi. Hujja mafi ƙarfi a kan wannan girman kai ta fito ne daga Chicago, inda salon footwork ya taso a unguwannin kudu da yammacin birnin. Gudunsa kimanin bugu 160 ne a minti, babbar gangar ba ta sauka a inda aka saba, ana yanka muryar mutum zuwa gaɓa ɗaya a yi ta nanata ta har ta zama ganga. A kunnen baƙo wannan ya fi yawancin abin da ake yi a Turai rikitarwa, amma RP Boo da marigayi DJ Rashad da takwarorinsu sun ƙera shi ne domin gasar rawa, inda matasa suke yin da'ira, ɗaya bayan ɗaya yana shiga tsakiya yana sarrafa ƙafafunsa da saurin da ido ba ya iya bi. Masu rawar ne suke neman a ƙara musu wuya domin su nuna gwaninta, makaɗan kuma suna biya musu buƙata. Jlin, wadda ta taso a wannan salo lokacin da take aiki a masana'antar ƙarfe a garin Gary na jihar Indiana, ta kai ga shiga sahun ƙarshe na lambar yabo ta Pulitzer a fannin kiɗa a 2023.

Abin da arhar kayan gwanjo ta yi wa Chicago a shekarun 1980, arhar kwamfuta da manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ta yi wa biranen Afirka bayan shekara ta 2000. A unguwannin Durban na Afirka ta Kudu, a farkon shekarun 2010, matasa suka fito da gqom, kiɗa mai duhu da nauyi wanda ya karya tsarin bugu huɗun nan, ya yaɗu ta wayoyin salula da motocin haya kafin wani kamfani ya san da shi, har DJ Lag ya kai ga yin aiki a kundin Beyoncé na 2019. Nijar ma tana da nata kaso tun kafin wannan zamani, domin Mamman Sani ya ɗauki kiɗan da ya yi da kayan kiɗan lantarki mai madannai (organ) a Yamai a 1978, yana zuba karin gargajiyar ƙasar a cikin amon na'ura. Shekaru da dama 'yan Nijar suna jin kaɗe-kaɗensa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da su a 2013 masu sauraro a Turai da Amurka su karɓe su a matsayin aikin wani majagaba.

Misalin da ya fi bayyana yadda baƙuntar amo take danganta da kunnen mai ji shi ne singeli na Darussalam a Tanzaniya. Gudunsa yakan haura bugu 200 a minti, wani lokaci ya doshi 300, an kuma gina shi ne da gutsattsarin kiɗan taarab da sauran kaɗe-kaɗen bakin teku da aka ƙara wa sauri har suka koma kamar ƙarar injin wasan yara, mawaƙi kuma yana zuba zance a kai da harshen Swahili ba ya tsayawa. Lokacin da kamfanin Nyege Nyege Tapes na Kampala ya fitar da tarin wannan kiɗa a 2017, bukukuwan kiɗan gwaji na Turai suka yi rububin gayyatar makaɗansa, masu sharhi suna ɗora shi a sahun gaba na sabuwar fasaha. A unguwannin da aka haife shi, irin su Tandale da Manzese, singeli kiɗan biki ne da ake kwana ana yi a kan titi, wanda mata da samari da yara suka san takunsa, 'yan siyasa ma suke ɗaukar mawaƙansa zuwa wuraren yaƙin neman zaɓe saboda sun san shi ne yake tara jama'a.